Baba, na ji kira, amma wa zai biya kuɗin makarantar?

"Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekarata 32, ina da mata da yara biyu, ina aikin akawu a wani kamfani. Shekara uku ke nan zuciyata ta hana ni sakat a kan aikin Ubangiji. Ina koyarwa a Makarantar Lahadi, kuma duk ranar da na koyar sai in ji kamar don wannan aka yi ni. Na nemi shiga makarantar tauhidi, sun ɗauke ni, za a fara karatu nan da wata huɗu. Abin da na tara bai wuce kuɗin zango ɗaya ba. Na rubuta wa ƙungiyoyin ƙasashen waje, na sa roƙo a Facebook, shiru kake ji. Na gaya wa fastonmu a bakin ƙofa bayan sujada, ya ce za a sa abin a addu'a. Matata ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wani abokina ya ce in ajiye aiki kawai, wai wanda ya kira ni zai tanada. Ni kuwa kunyar roƙo nake ji. Shin rashin kuɗin nan alama ce cewa ba a kira ni ba, ko bangaskiyata ce ta gaza?"

Ɗana,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce "a bakin ƙofa bayan sujada". Shekara uku kana dakon abin nan a ƙirji. Ka cika takardu, makaranta ta ɗauke ka, ka rubuta wa mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba a can wata uwa duniya, amma mutumin da ke kiwon ranka a tsaye ka gaya masa, yana miƙa wa wannan hannu yana amsa gaisuwar wancan, yara suna ratsawa ta tsakaninku. To me kake so ya ce? "Za a sa a addu'a" ita ce amsar bakin ƙofa. Ni kaina na ba da ita ba adadi, wani lokacin kafin in kai gida na manta wa na faɗa wa. Kada ka ƙirga ta a cikin ƙi, kada kuma ka ƙirga ta a cikin yarda. Har yanzu ba ka tambaye shi ba.

Ka ba ni zaɓi biyu, ko dai ba a kira ka ba ko bangaskiyarka ta gaza. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Abin da nake gani shi ne ka fara ginin daga rufi. Ka nemi makaranta, sannan kuɗi, sannan ikkilisiya ta zo daga baya kamar wadda ake sanar da ita. A Littafi Mai Tsarki kuwa daga ikkilisiya ake farawa, kuma ta ƙofar da aka tabbatar da kira ta nan taimakon yake shigowa.

Duba Ayyukan Manzanni sura 13. Bulus ya gamu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu, an kuma faɗi tun a lokacin cewa shi zaɓaɓɓe ne domin al'ummai. In akwai wanda ya isa ya ce ba ya bukatar tabbacin kowa, ai shi ne. Duk da haka sai da aka yi fiye da shekara 10 kafin ranar da aka keɓe shi da Barnaba a Antakiya, kuma ga shugabannin ikkilisiyar Ruhu Mai Tsarki ya yi magana, suna cikin sujada da azumi. Su suka ɗora musu hannu suka sallame su. Timoti ma, a sura 16, abin da aka faɗa a kansa kafin Bulus ya ɗauke shi shi ne 'yan'uwa na Listira da Ikoniya suna yabonsa. Hatta yaro Sama'ila, wanda ya ji muryar da kunnensa, sau uku yana rugawa wurin Eli, kuma tsohon nan mai raunin ido shi ne ya gane wanda ke kira.

Ban raina abin da kake ji in ka koyar ba. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda ke marmarin aikin kula da ikkilisiya aiki mai kyau yake so. Amma ka karanta abin da ya biyo baya a 1 Timoti 3. Ya jero halaye wajen 15, kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin husuma, iya riƙon gida, kyakkyawar shaida ko a wurin waɗanda ba sa cikin ikkilisiya. Guda ɗaya tak ce ta shafi iya koyarwa. Kuma cikin jerin nan duka babu wadda mutum zai ba kansa shaida a kai. Matarka ce ta san ko kai mai husuma ne. Abokan aikinka a ofis su suka san yadda hannunka yake da kuɗin da ba naka ba.

Don haka abu na farko, a wannan makon, ka nemi fasto ya ba ka lokaci a ofishinsa, awa guda, a zaune. Ka bar maganar kuɗi a gida ranar. Ka gaya masa labarin shekara ukun nan, ka nemi gafara cewa ka nemi makaranta ba da saninsa ba, sannan ka roƙi abu ɗaya, cewa shi da dattawa su gwada ka. Su ba ka wa'azi a sujadar tsakiyar mako. Su haɗa ka da mai ziyarar marasa lafiya. Su sa ka zauna a gidan makoki inda ba abin faɗa, ko su tura ka sulhunta mutum biyu da suka shekara ba sa ga maciji. Koyarwar Lahadi ita ce ɓangaren aikin da ake tafa wa. Sauran kwana shida na fasto ba mai gani, kuma a cikinsu ne mutane da dama suke gane ko aikin suke so ko mumbari.

Kana iya jin "tukuna". Ka shirya wa wannan tun yanzu. William Carey, mai gyaran takalman nan na Ingila da ya tafi Indiya a 1793, ya yi wa'azin gwaji a gaban ikkilisiyarsa a 1785, suka saurara, suka ce bai kai ba. Sai bayan shekara guda suka amince, aka naɗa shi a 1787. Charles Spurgeon, wanda ya fara kwalejin horar da fastoci a Landan a 1856 da ɗalibi ɗaya, yana biya daga aljihunsa, ƙa'idarsa ita ce ba ya ɗaukar mutum sai ya yi kamar shekara 2 yana wa'azi. A ganinsa makaranta ba ta ƙera mai wa'azi, wasa wanda ya riga ya fara yanka take yi. Takardar da makaranta ta aiko maka shaida ce cewa za ka iya karatun. Ba ta ce komai a kan ko za ka iya kiwon tumaki ba, don ba su taɓa ganinka da tumakin ba.

Yanzu maganar mai ɗakinka, wadda ka ba layi ɗaya a wasiƙa. Shiru ma magana ce. Mace mai yara biyu da mijinta ya ce zai bar albashi na shekara uku ko huɗu, ta yi shiru, lissafi take yi wanda kai ba ka yi ba. Wa zai biya haya? In yaro ya kwanta rashin lafiya da dare fa? Bayan karatun ina za a tura mu? Wataƙila kuma tsoro take ji kada ta yi magana a ce ta tsaya wa Allah a hanya. Wannan tsoron kai ne za ka ɗauke mata shi. Ka zauna da ita bayan yara sun yi barci, ka ajiye waya, ka ce mata a fili cewa in ta ce ba yanzu ba, ba za ka ɗauke ta mai ƙarancin bangaskiya ba, kuma ba za ka tafi ba. Sai ka rufe baki ka saurara, ko da abin da za ta faɗa zai yi maka ɗaci. Ita ta auri akawu. Kana roƙonta ta zama matar fasto, aikin da ba a yi mata tambaya a kansa ba, ba kuma albashi, ga idon jama'a a kan tufafinta da tarbiyyar 'ya'yanta. Na ga hidimomin da suka mutu ba don rashin baiwa ba, sai don an ja matar a ƙasa zuwa cikinsu. Bulus da ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, a wasiƙa ɗaya ya faɗe ta da waccan maganar marmarin aikin.

Abokinka kuwa, ka gaishe shi, amma kada ka saki reshe ka kama ganye. Gaskiya ne Ubangiji yana tanadi. Sai dai a Matiyu 4 wanda ya ce a yi tsalle daga ƙololuwar Haikali don mala'iku za su tare, ka san ko wane ne, Iblis ne, kuma da aya ya zo. Yesu da kansa a Luka 14 ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, don kada ya kafa harsashi ya kasa gamawa ya zama abin dariya. Ranar da kuɗin haya ya ƙare, abokin nan ba ya cikin waɗanda mai gida zai ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ka riƙe aikinka har sai dattawa sun ce e, matarka ta ce e da bakinta, kuma kuɗin shekarar farko gaba ɗaya, na makaranta da na gida, yana hannu ko a rubuce cikin alkawuran mutanen da ka sani.

Sai kunyar roƙo. Na san ta. Amma ka lura, kunyar ce ta kai ka Facebook da ƙasashen waje, domin ya fi sauƙi baƙo ya ƙi ka a kan wanda za ka haɗu da shi ranar Lahadi. Shi ya sa ka ji shiru. Mutum ba ya saka kuɗinsa a kiran da bai gani ba. Ƙungiyoyin waje masu ba da tallafi na gaske kusan dukansu takardar ikkilisiya ko ta makaranta suke fara nema, wasu ma makarantar suke ba kuɗin ta raba, wasu kuma, kamar shirin Langham da John Stott ya kafa, masu digirin digirgir suke ɗauka, waɗanda za su dawo su koyar. Wanda kuwa ya amsa maka da sauri ya ce ka fara turo kuɗin rajista kafin a saki tallafi, ɗan damfara ne, ko da ya cika wasiƙarsa da ayoyi.

Ka kuma sani ɗaukar nauyin mai koyon hidima ba alfarma ba ce da ikkilisiya ke yi wa mutum. Kalmar seminari, wato makarantar tauhidi, daga Latin ta fito, ma'anarta wurin renon iri. Da Taron Tirent na Cocin Katolika ya ba da umarni a 1563 cewa kowace dayosis, wato yankin da bishof ke kula da shi, ta kafa irin wannan makaranta, daga kuɗin dayosis aka ce a riƙe ta, aka kuma ce a fifita 'ya'yan talakawa. Wato tun asali an gane cewa mai gona ke renon iri. Tsarin ɗariku ya bambanta, wasu suna biyan duka, wasu rabi, wasu takardar shaida kawai suke bayarwa, don haka ka tambayi yadda naku yake. A nan ma ka tambayi abin da ya kamata a ce ka tambaya tun kafin ka cika takarda: ɗarikarku ta amince da wannan makarantar? Akwai hukumar da ta tantance ta? Na san waɗanda suka gama shekara huɗu suka dawo da takarda, aka ce musu sai sun sake.

Bulus ya yi duka biyun, sana'a da hannunsa da karɓar taimako, kuma bai ji kunyar ko ɗaya ba. A Koranti ya ɗinka tanti tare da Akila da matarsa, da taimako ya iso daga Makidoniya ya duƙufa kan wa'azi. Ya yabi Filibiyawa don sun aika masa fiye da sau ɗaya yana Tasalonika, har ya kira abin tarayya ce ta bayarwa da karɓa. Wanda ya ba ka kuɗin littattafai ba bara ka yi masa ba, hannun jari ya saka a aikin da shi ba zai iya zuwa ya yi ba. Ƙungiyar da ta aika Carey, mutanen da suka kafa ta a 1792 ba su kai 20 ba, yawancinsu fastocin ƙananan ikkilisiyoyi, kuma abin da suka haɗa ranar fam 13 ne da sule 2 da sisi, mafi yawa ma alkawari. Amma sun san shi, sun ji wa'azinsa shekara da shekaru.

Yadda ake roƙon kuwa, ka koya daga Nehemiya. Ya yi kusan wata huɗu yana addu'a, daidai tsawon lokacin da ya rage maka. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, bai ce "duk abin da Allah ya sa a zuciyarka" ba. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya nemi wasiƙu zuwa ga gwamnonin hanya, ya nemi wata zuwa ga mai lura da kurmin sarki don katako. Kai akawu ne, wannan ai gidanka ne. Shafi ɗaya ya isa: kuɗin makaranta na kowane zango, littattafai, haya, ciyar da iyali, karatun yara, magani, sufuri, shekara nawa. A ƙasa ka rubuta abin da ka tara, abin da matarka ke samu in tana sana'a, abin da za ka iya samu da aikin hutu ko riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafan lissafi, abin da ikkilisiya ta ɗauka. Giɓin da ya rage shi kaɗai za ka nema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kada ka rage adadin don kunya, kada kuma ka ƙara don tsoro.

Da shafin nan da wasiƙar dattawa za ka je wurin mutane ɗaya bayan ɗaya, ido da ido, ka faɗi adadin da kake roƙo a wata da kuma wata nawa, ka ba su sarari su ce a'a ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Ka fi neman mutum 20 masu ba da kaɗan kowane wata a kan mutum ɗaya mai ɗaukar duka. Wannan da jikina na koye shi. Lokacin da nake ɗalibi wani bawan Allah mai hali ya ce in bar kowa, shi zai biya har in gama. Na yi murna, na daina rubuta wa sauran. A shekara ta biyu kasuwancinsa ya karye. Ban manta ranar da na tsaya gaban allon sanarwa na ga sunana cikin waɗanda ba za su shiga jarrabawa ba, na koma ɗaki na tarar da matata tana ninke kayan yara, ta dube ni ba ta ce komai ba don ta riga ta gane. Sai da na koma da kunya wurin mutanen da na watsar, kuma wata gwauruwa da wasu malaman makaranta biyu ne suka fara cike ramin, da ɗan abin da na taɓa rainawa. Akwai wata illa ma ta mai ba da duka, ko bai karye ba. Ranar da ka dawo fasto, yana zaune a layin gaba, akwai wa'azin da zai yi maka nauyin fita.

Kuɗin kada ya bi ta aljihunka in da hali. A buɗe masa shafi a asusun ikkilisiya, ma'aji ya riƙa biyan makaranta kai tsaye, kai kuma kowane zango ka aika wa masu taimakonka sakamakonka da ɗan bayanin yadda aka kashe. Bulus, da zai kai gudummawa Urushalima, tafiya ya yi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. In shi ya ga bukatar shaida, mu ba mu fi ƙarfinta ba.

In kuma lissafin bai cika ba bana, hanya ba ɗaya ba ce. A 1963 wata makarantar tauhidi ta Firesbiteriya a Gwatamala ta lura cewa mutanen da ke riƙe da ikkilisiyoyi da gaske, masu iyali da sana'a, ba sa iya barin gida su zo kwana a makaranta, sai ta kai musu karatun inda suke. Tsarin ya bazu a duniya, yau kuma ga karatun yamma, na ƙarshen mako, na hutu, da na intanet. Ya fi daɗewa, kuma za ka rasa zaman tare da ɗakin karatu, waɗanda ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma kana karatu kana cikin ikkilisiyarka, albashinka yana shigowa, abin da ka koya ranar Asabar ka gwada shi ranar Lahadi. Son karatun da kake yi kuwa kada kowa ya kushe maka shi. Agustin, da jama'ar Hippo a Aljeriya ta yau suka kama shi suka sa aka naɗa shi firist a 391 yana hawaye, da duk iliminsa abin da ya roƙi bishof ɗinsa shi ne a ba shi lokaci ya zauna da Littattafai kafin ya fara.

Gobe ka rubuta wa magatakardan makarantar tambaya uku: ko za su ajiye maka gurbinka zuwa baɗi, ko suna da tallafi ko aikin da ɗalibai ke yi a rage musu kuɗi, da kuma ko ana iya fara shekarar farko ba tare da barin aiki ba. Bayan ka zauna da fasto, ka sake rubuto mini. Ina so in ji abin da ya ce, amma ka fara da abin da mai ɗakinka ta ce, da kalmominta.